Sharhi a kan hidimar gwajin alamomin sankarar mama a wani ɗakin gwaji na Zariya

Daga cikin takardun da ake rubuta wa macen da aka samu da sankarar mama, babu wadda iyalai suka fi jinkirtawa kamar takardar gwajin ER da PR da HER2, wato alamomi uku da ake nema a cikin tsokar dajin don a san maganin da zai yi aiki, domin tana zuwa ne a daidai lokacin da aljihu ya riga ya jigata da kuɗin hoto da na ciro tsoka, kuma ba magani ba ce da za a ga majinyaciya ta haɗiya a ji sanyi a rai. Wannan sharhi ya shafi wani ɗakin gwaje-gwaje ne mai zaman kansa da ke karɓar irin wannan aiki a nan Zariya, wanda na yi hulɗa da shi sa'ad da nake jinyar yayata. Na sakaya sunansa, domin mudun da zan auna shi da shi ya dace da kowane ɗakin gwaji irinsa, na gwamnati ne ko na 'yan kasuwa. Hukuncina shi ne aikinsu na cikin ɗaki ya cancanci kuɗin da suke karɓa, amma yadda suke tarbar jama'a da yadda suke tallata wasu gwaje-gwajensu na buƙatar gyara sosai.

Wanda bai san amfanin gwajin ba, ba zai iya gane ko an yi masa aiki nagari ba. Sankarar mama ba cuta ɗaya ba ce. Mata biyu na iya zuwa da ƙullutu mai girma ɗaya, likitan nazarin tsoka ya duba ya tabbatar duka biyun daji ne, amma maganin da zai ceci ɗaya ya zama asarar kuɗi da wahalar banza ga ɗayar. Tun a 1896 wani likitan fiɗa a Gilasgo mai suna George Beatson ya lura cewa sankarar wasu mata kan ja da baya idan aka cire musu ma'ajiyar ƙwai, ta wasu kuma ko gezau. An daɗe ba a san dalili ba, sai a 1958 Elwood Jensen na Jami'ar Chicago ya gano cewa a cikin wasu ƙwayoyin halitta akwai wani furotin da ke kama sinadarin isturojin na jikin mace. Shi ne ER. Idan ƙwayoyin dajin na ɗauke da shi, to da sinadarin jikin matar suke girma, kuma ana iya toshe musu wannan hanya da ƙwayar tamoxifen, ko da irin su letrozole da anastrozole ga matan da suka daina al'ada. Binciken da ya tattara bayanan dubban mata ya nuna cewa shan tamoxifen na shekara 5 na rage mace-mace daga wannan cuta da kusan kashi ɗaya bisa uku a tsawon shekara 15, amma fa ga masu ER kawai. Wadda ba ta da shi ba ta cin wata riba, sai dai ta ɗauki haɗarin maganin, wanda ya haɗa da daskarewar jini a jijiya da ƙarin yiwuwar sankarar bangon mahaifa. Shi kuwa PR, mai kama sinadarin furojestaron, abokin tafiyar ER ne, kuma samunsa tare da ER alama ce ta cewa cutar za ta fi jin maganin.

HER2 labarinsa daban. A 1987 Dennis Slamon da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles suka nuna cewa sankarar da ke da wannan furotin fiye da kima ta fi saurin yaɗuwa da saurin dawowa. Kimanin kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na masu sankarar mama ne ke cikin wannan rukuni. A 1998 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da trastuzumab, wanda aka fi sani da Herceptin, kuma tun daga nan matan da a da ake ganin nasu ya fi muni suka samu makami na musamman. Ana sa shi ta jijiya duk bayan mako uku har tsawon shekara guda, ana kuma bin sawun lafiyar zuciya da hoto, domin yana iya raunana ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da ba a rabuwa da su a 2015, amma har yanzu kuɗinsa kan sa iyali su sayar da gona ko fili. Wannan kaɗai ya isa ya nuna nauyin da ke kan ɗakin gwaji. Idan ya ce akwai HER2 alhali babu, ya jefa gida cikin bashi a banza. Idan ya ce babu alhali akwai, ya hana mace maganin da zai iya tsawaita rayuwarta. Wadda aka samu ba ta da ko ɗaya cikin ukun kuwa, wato babu ER, babu PR, babu HER2, babban abin dogaronta shi ne kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji, tare da fiɗa da gashin da ake yi wa dajin da na'ura.

Abin da ya fara ɗaga darajar wannan ɗakin gwaji a idona ya faru ne tun kafin a taɓa jikin Yaya. Da na je tambayar farashi da takardar likita a hannu, ma'aikacin da ke kanta bai fara da maganar kuɗi ba. Ya tambaye ni ko an riga an ciro tsokar. Da na ce sai jibi, ya shiga ciki ya fito da 'yar kwalba mai murfi, cike da fomalin, ruwan da ke hana tsoka lalacewa, an manna mata takarda mai layi biyu babu rubutu. Ya ce: “Malama, ki miƙa wa wanda zai yi aikin. A layin sama ya rubuta ƙarfe nawa aka ciro, a na ƙasa ya rubuta ƙarfe nawa tsokar ta shiga ruwa. Kada a sa ta a ruwan gishiri, kada a sa ta a firji, kada kuma a bar ta a kan tire ana jiran a gama ɗinki.” Bai karɓi ko sisi a kan kwalbar ba.

Wannan 'yar kwalba ita ce rabin aikin, kuma a nan nake so mai karatu ya dakata. Gwajin alamomin nan, wanda likitoci ke kira IHC, rini ne ake yi wa yankan tsoka mai sirantaka ƙwarai a kan gilashi, inda wani sinadari ke neman furotin ɗin da ake bincike ya manne masa, sai wurin ya yi launin ƙasa-ƙasa a ƙarƙashin madubin likita. Da zarar tsoka ta rabu da jiki, furotin ɗinta na fara lalacewa, kuma kamar yadda shuni ba ya kama zanen da ya riga ya ruɓe, haka rinin gwaji ba ya kama tsokar da aka yi sakaci da ita. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin sankara da ta likitocin nazarin tsoka na Amurka suka fitar tare ta ce kada a wuce awa ɗaya tsakanin ciro tsoka da tsoma ta a fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 wanda aka daidaita tsaminsa, sannan ta zauna a ciki daga awa 6 zuwa 72. Ruwan kuma ya ninka tsokar sau goma a yawa. Fomalin na ratsa tsoka ne sannu a hankali, kimanin milimita ɗaya a awa, saboda haka idan mama gaba ɗaya aka cire, wajibi ne a tsattsaga shi kafin a jiƙa, in ba haka ba bayansa zai kamu, cikinsa inda dajin yake ya lalace. Illar sakaci a nan ɓoyayyiya ce, domin sakamakon ba ya fitowa da rubutun cewa an ɓata samfuri. Yana fitowa ne da cewa babu ER, a sallami mace ba tare da ƙwayar da ta fi kowane maganin sankara araha ba.

Na ga yadda suke yi idan samfuri ya zo a lalace. Ranar da na mayar da kwalbar Yaya, na tarar da wani dattijo da ya taso daga wani gari mai nisa, riƙe da robar man shafawa da aka rufe bakinta da leda aka ɗaure da kyauro. A ciki akwai ƙatuwar tsoka da ruwa bai ko rufe rabinta ba. An yi wa 'yarsa fiɗa kwanaki da suka wuce a wani ƙaramin asibiti, aka ba shi robar aka ce ya kai Zariya. Ma'aikacin ya buɗe, ya duba, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce: “Baba, zan karɓa, kuma za a iya gane ko daji ne ko ba daji ba. Amma gwajin nan na biyu, gaskiya ba zan ce maka ka dogara da shi ba. Zan rubuta a takarda cewa ba mu san yadda aka adana ta ba, domin idan ya fito babu komai, likita ya san cewa ba magana ce ta ƙarshe ba.” Ya ba dattijon shawarar ya riƙe kuɗin gwaji na biyun, wato na ER da PR da HER2, har sai likita ya ga sakamakon farko. Ɗan kasuwar da zai ce wa mai saye ya mayar da kuɗinsa aljihu ba a ko'ina ake samunsa ba, kuma wannan ya fi duk wata takardar shaida da suka rataye a bango gamsar da ni.

Batun ya wuce gida ɗaya. An daɗe ana cewa sankarar maman matan Afirka ta Yamma galibinta marar ER ce, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cewa nau'in da ba shi da alamomin nan uku ya fi yawa a cikinmu fiye da yadda yake a Turai. Sai dai masu bincike da suka kwatanta rahotanni daga sassan Afirka sun lura cewa inda aka tattara sabbin samfurori da kulawa, adadin masu ER ya fi wanda ake samu a tsofaffin samfurorin da aka ɗauko daga ma'ajiya. Ke nan wani ɓangare na abin da muke ɗora wa jininmu, a kwalba da agogo yake faruwa.

Takardar sakamakon da aka ba mu ita ce abu na biyu da na yaba. Ba ta tsaya ga cewa akwai ko babu ba. Ta nuna cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na ƙwayoyin dajin Yaya sun kama rinin ER da ƙarfi, ta ba da na PR shi ma da adadinsa, ta rubuta sa'o'in da tsokar ta yi a fomalin, ta kuma tabbatar cewa lafiyayyun ƙwayoyin mama da ke gefen dajin sun kama rinin yadda ya kamata. Wannan layi na ƙarshe shi ne shaidar cewa rinin kansa ya yi aiki, kuma duk takardar da ta ce babu ER ba tare da ta ambaci irin wannan shaida ba, ya kamata likita ya yi mata kallo na biyu. Adadin ma yana da muhimmanci, domin a ƙa'ida ko kashi 1 cikin 100 ne ya kama ana lissafa shi a matsayin akwai, amma tun 2020 aka ware masu kashi 1 zuwa 10 a matsayin rukuni mai rauni, wanda cutarsu kan yi hali irin na marasa ER. A ƙasan takardar akwai sa hannun likitan nazarin tsoka da matsayinsa, ba hatimin kamfani kawai ba.

A wurin HER2 ne muka gamu da abin da ba wanda ya shirya mu dominsa. Ana ba da makinsa ne daga 0 zuwa 3+. Maki 0 da 1+ na nufin babu, 3+ na nufin akwai, 2+ kuwa tsaka-tsaki ne, ba a yanke hukunci da shi sai an yi wani gwaji da ake kira FISH, wanda ke ƙirga kwafin ƙwayar gadon HER2 a cikin ƙwayoyin dajin. Na Yaya 2+ ya fito. Ɗakin gwajin ba ya yin FISH da kansa, aika dunƙulen tsokar yake yi zuwa wani wuri a wajen jihar, da sabon kuɗi wanda ya zarce na gwajin farko, da sabon jira. Ban ga laifinsu a rashin na'urar ba, domin aiki ne mai tsada da ba kowane wuri ke iya ɗauka ba. Laifinsu shi ne rashin faɗa mana tun ranar farko cewa hakan na iya faruwa. Iyalin da suka yi karo-karo suka haɗa kuɗin gwaji suna ganin sun gama, komawa gare su da sabon ƙoƙon bara abu ne mai nauyi, kuma jimla biyu a kanta da sun isa su sa mu ajiye wani abu a gefe. An ce mana mako biyu, ya haura haka sosai, kuma kowane labari da muka samu a tsakani mu ne muka buga waya muka nema. Allah ya taimaka likitan Yaya ya riga ya fara mata kashin farko na kemo, wanda za a yi shi ko da yaya sakamakon ya fito, saboda haka jiran bai tsayar da magani ba.

FISH ya fito babu, muka tsira daga kuɗin trastuzumab. Duk da haka na ji daɗin cewa takardar ta riƙe ainihin makin 2+ ba ta shafe shi da kalmar babu ba, domin tun 2022 wani babban gwajin magani ya nuna cewa trastuzumab deruxtecan, wanda ake sayarwa da sunan Enhertu, na amfanar matan da cutarsu ta yaɗu masu maki 1+ ko 2+ da FISH ɗinsu ya fito babu. Maganin ya fi ƙarfin aljihun kusan kowa a nan, amma bambancin 0 da 1+ da a da ba a damu da shi ba yanzu ya zama bayani mai daraja, kuma ɗakin gwajin da ke rubuta shi yana bin zamani.

Akwai alama ta huɗu, Ki-67, wadda ke nuna kashi nawa na ƙwayoyin dajin ke cikin rarrabuwa, kuma suna karɓar kuɗinta daban. Ta Yaya ta fito wajen kashi 20. Masana da suka zauna a kan wannan alama sun ce an fi dogara da ita idan ta yi ƙasa sosai, kashi 5 ko ƙasa da haka, ko ta yi sama, kashi 30 ko fiye, abin da ke tsakani kuwa ko ƙwararru biyu kan saɓa a ƙirgarsa. Wanda kuɗinsa bai kai ba, ya tambayi likitansa ko za a iya barinta, amma kada ya bar ukun farko.

Yanzu ga inda raina ya ɓaci. A bangon wurin jira akwai babban allo da ke tallata wani ƙunshin gwajin jini a matsayin binciken sankara ga mata, kuma a cikinsa akwai CA 15-3 da CEA, wasu sinadarai biyu da ake auna yawansu a jini. Waɗannan ba a yi su don gano sankarar mama ba. Macen da cutarta ke matakin farko sau da yawa jininta kan nuna CA 15-3 daidai, kuma yana iya hawa saboda ciwon hanta ko wasu larurori da ba daji ba. Inda likitoci ke amfani da shi shi ne bin sawun magani ga wadda cutarta ta riga ta yaɗu, shi ma tare da hoto da duba jiki. Haɗarin allon nan a fili yake ga duk wanda ya san mu. Da yawa daga cikin iyayenmu da 'yan'uwanmu sun yi imani cewa daji ba ya son ƙarfe, wato da zarar allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya fantsama, alhali ciro tsoka da allura ba ya yaɗa cutar, kuma duba tsoka ne kaɗai hanyar tabbatar da ita. Macen da ta ji ƙullutu a mamanta, tana tsoron allurar likita, idan ta ga an ce ɗigon jini zai ba ta amsa, shi za ta zaɓa. Sakamako ya fito lafiya lau, ta yi hamdala ta koma gida, ba za a sake ganinta ba sai mama ya fashe. Ƙididdigar hukumar binciken sankara ta duniya ta 2022 ta nuna sama da mata 32,000 sun kamu da sankarar mama a Najeriya a shekarar, sama da 16,000 sun rasu, kuma zuwa asibiti a makare na daga cikin manyan dalilan wannan rata mai tayar da hankali. Bai dace wurin da ya san darajar awa ɗaya a rayuwar tsoka ya rataya allon da zai iya cinye wa mace shekara guda ba. Na faɗa wa shugabar wurin haka, ta saurare ni cikin mutunci ta ce za su duba, amma zuwana na ƙarshe allon na nan.

Abu na biyu shi ne sirri. Ana kiran sunan majinyaciya da ƙarfi a ɗakin jira, wani lokaci har da sunan gwajin, a garin da in ka ɗaga kai a kowane layi sai ka ga wanda ya san gidanku, daga Tudun Wada har Samaru. Akwai matan da ko dangin mijinsu ba su sanar ba, saboda tsoron abin da zai biyo baya ga aurensu ko ga auren 'ya'yansu. Ba da lamba a maimakon suna ba ya cin kuɗi. Na uku, takardar da Turancin likitoci take daga sama har ƙasa, kuma babu wanda aka ajiye ya yi wa mutum bayani ko da na minti biyar. Na fahimci cewa fassara sakamako da tsara magani aikin likitan majinyaciya ne, amma tsakanin karɓar takarda da ranar ganin likita akwai kwanaki, kuma a cikinsu ne mutane ke ganin alamar tarawa a gaban ER su ɗauka cewa abin ya yi muni, alhali a mafi yawan lokuta labari ne mai sauƙi. Yaya da kanta ta kwana tana kuka a kan layin da ya fi kowanne daɗi a takardarta. Shafi ɗaya da Hausa, a boko da ajami, da ya yi maganin wannan.

Na tambaye su gwaje-gwaje biyu da ba sa yi. Na farko irin su Oncotype DX ne, wanda ke duba ƙwayoyin gado 21 a cikin tsokar ya ba da maki daga 0 zuwa 100, da MammaPrint mai duba 70. Amfaninsu shi ne gano matan da ke da ER, babu HER2, cutar na matakin farko, waɗanda za su iya tsallake kemo ba tare da cutuwa ba, kamar yadda wani bincike na mata kusan 10,000 ya tabbatar a 2018. Kuɗinsu dubban daloli ne, kuma ma'aikacin ya gaya mini kai tsaye cewa ga wadda cutar ta riga ta kai kaluluwar hammata da yawa kamar Yaya, ba za su sauya komai ba. Na biyu shi ne gwajin gado na BRCA1 da BRCA2, wanda da jini ko yawu ake yinsa. Wani bincike da aka yi a Ibadan ƙarƙashin jagorancin Farfesa Olufunmilayo Olopade, aka wallafa a 2018, ya gano cewa kusan mace ɗaya cikin takwas masu sankarar mama a cikin waɗanda aka bincika ta gaji larurar ne ta waɗannan ƙwayoyin gado biyu ko wasu biyu makamantansu. Ga gidan da cutar ta taɓa uwa da 'ya, ko ta kama mace tun tana ƙuruciya, wannan gwaji na da ma'ana, kuma na yaba da suka ce ba za su karɓi jinin kowa su aika ba sai da takardar likitan da zai zauna da iyalin ya yi musu bayanin abin da sakamakon ke nufi.

Game da farashi, ba su manna shi a ko'ina ba, sai an tambaya, kuma kowace alama da kuɗinta. Jimillar ta fi ƙarfin abin da ƙaramin ma'aikaci zai ciro daga albashin wata guda ba tare da ya ji a jikinsa ba, amma idan aka ɗora ta a kan kuɗin zagaye ɗaya na trastuzumab, ko na shekaru ana shan ƙwayar da ba ta aiki, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Suna ba da rasit, suna karɓar kuɗi ta banki. Mai ƙaramin ƙarfi ya fara tambaya a inda ake duba majinyaciyarsa, domin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika na cikin asibitoci shida da gwamnatin tarayya ta fara Asusun Tallafin Masu Sankara da su a 2021, wanda ya shafi sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, wato prostate. Lokaci ma kuɗi ne a wannan harka, domin shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 a kan sankarar mama ya sa burin a kammala duk binciken gano cutar cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti.

Zan tura 'yar'uwata wannan wuri, da sharaɗin ta je kafin a ciro tsoka ta karɓo kwalba, ta tambayi kuɗin FISH tun da wuri, ta kuma kawar da kai daga allon gwajin jini. Bayan an gama komai, a nemi dunƙulen kakin da aka daskarar da tsokar a ciki, wanda ma'aikata ke kira bulok. Mu da muka nema sun ba mu ba tare da gardama ba, bayan na sa hannu a wani littafi, a cikin ƙaramar leda mai ɗauke da lambar da ta yi daidai da ta takardar sakamako. Da shi ne wani likitan nazarin tsoka zai iya sake gwajin idan aka yi shakka, ko idan magani ya kai majinyaciya Kano ko Abuja, ba tare da an sake huda ta ba. A ajiye shi a wuri mai sanyi nesa da rana da murhu, domin kaki ne, zafin watan Afrilu a cikin mota na iya narkar da shi. Idan kuwa cutar ta dawo bayan shekaru, tsohon bulok ba ya wadatarwa, domin ER da HER2 na iya sauyawa tsakanin ƙullutun farko da na baya, kuma likita zai so a ciro sabuwar tsoka a sake gwajin daga farko.